Gaisuwar Iya ta cinye katin waya

Landan, Nuwamba 1994

Yaya Kaltum,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Iya da mutanen unguwarmu Lamisula. Ni lafiya lau, sai sanyin da ya fi ƙarfin rigata, amma ana haƙuri.

Na gano kira ya fi araha ranar Lahadi. Don Allah ki roƙi maƙwabcinmu Malam Pindar, in ya dawo daga coci Iya ta zauna kusa da wayar gidansa, kada kati ya ƙare ana nemanta.

Wancan karon da gaisuwarmu ta "wushe-wushe" Iya ta fara. Ta tambayi gajiya, ta tambayi abinci, har da masu gidan da nake haya, waɗanda ba ta taɓa gani ba. Kati ya ƙare ban faɗi komai ba. A wasiƙarki kin ce za ki sa ta rage.

Kada ki soma. Ji na yi kamar ina durƙushe a ƙofar ɗakinta da safe. Labari zan aiko a takarda. Don gaisuwar nan nake sayen katin.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Ba'ana