Kyautar Yaya Sani

Tanut, daren Talata

Yaya Sani ya sake kira daga Kwatano a kan motocin nan biyu masu aiki da batir. Ya ce in zaɓi ɗaya kafin Juma'a, kyauta ce, a loda mini ita.

Farar ta fi cin dogon zango, amma cikinta a ƙasa yake. Ina barin gudron, wato kwalta, rairayin hanyar Belbeji zai riƙe ta. Shuɗiyar tana da tsayi, sai dai batirinta ba zai kai ni kwarin Tarka in yi wa dabbobi allura ya dawo da ni gida ba. A bakin wace rijiya zan sa ta caji? Mu da ko cikin gari sai lantarki ya ga dama yake zuwa. Yanzu ma da fitilar salula nake rubutu.

Da muke wayar, na fara cewa, "Yaya, da ma babur..."

Ya katse ni. "Ƙanena a kan babur? So kake a zage ni?"

Inna kuwa ta riga ta sanar da unguwa duka, har an fara zuwa yi mata barka. Da na yi mata bayani, cewa ta yi, "Habu, babba ya miƙo hannu ka tsaya bincike? Kada ka kunyata ni."

Kaina ya yi zafi. Gobe tambaya ɗaya zan yi masa: wacce ta fi rashin nauyi? Ita zan ɗauka, don na san shanun mutane ne za su jawo ta.