Gidan 'Yar Fari

Olimbos, tsibirin Karpathos

Zuwa ga mijina Minas,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da yara. Yaya ciwon bayan naka?

Mun iso ƙauyen kakanninmu lafiya, ni da Yaya Marigo. Ka san shekarun da na yi ina bin tsofaffin danginmu a birni ina tambayar asalinmu. Yaya kuwa ko sunan mahaifin Kaka ba ta sani ba, jirgin ruwan ma da lallashi ta shiga. Amma muna shiga gari tsofaffin mata suka yi kanta. Ita ce 'yar fari, ita ta ci sunan Kaka, don haka gidan nata ne, da gonakin, da sarƙar zinaren, har da dutsen da Kaka ke tsayawa a kai a coci. Na san al'adar tun ina yarinya. Ban san zafinta ba sai da na ga ana ɗaura mata ɗankwali, ni ina gefe da kayanmu a hannu.

Wataƙila ni ce mai ƙaramar zuciya. Ka faɗa mini gaskiya.

Matarka,
Sevasti

Zuwa ga Minas,

Ina gaishe ka, ina gaida yara. Allah ya ƙara maka sauƙi.

Jiya na tarar da wata tsohuwa, Gwaggo Ernia, tana gasa burodi a tanderun unguwa. Na tambaye ta labarin matar da na ci sunanta. Ta kwashe da dariya, ta ce, "Sevasti ƙanwar kakarki? Ai jakin gidan ke nan! Ita ce girbi, ita ce itace, ita ta goyi uwarki. Aure kuma? Wa zai ɗauki macen da ba ta da ko zaitun ɗaya?" Na roƙe ta ta nuna mini kabarinta. Ta ce ƙasusuwanta na tare da na yayarta, sunan yayar ne kaɗai a jikin kabarin.

Na dawo na iske Yaya tana ɗaukar kanta hoto da zinaren, wai ya yi mata nauyi a wuya. Abincin rana bai shiga bakina ba.

Yau da safe ta ajiye mini makullin gidan kusa da gahawata. Ta ce ita ba za ta iya wannan hawan dutsen zuwa ƙauyen ba, in riƙa zuwa ina gyara rufi ina tsinkar zaitun, tunda ni ce mai son tarihi. Na tambaya ko za ta sa sunana a takardar gidan. Ta dube ni da mamaki, kuma ba na ƙarya ba. "Haba ƙanwata, ai na babbar 'yata ne. Me mutane za su ce?"

Na tsara amsar da zan ba ta daki-daki, mai zafi, wadda ta dace da ita. Minas, sai na ɗauki makullin. In na ƙi, ba ni da wata hanyar shiga ɗakin da aka haifi uwata.

Kada ka yi mini faɗa. Ka aiko mini da takalmana na aiki.

Taka har kullum,
Sevasti