Zuciyar da Ke Bugawa a Agogon Baba

Aliero, ranar Talata

Zuwa ga Yayana Sharif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka koma Fatakwal lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan. Inna tana sa maka albarka.

Na ba direban motar albasa takardar nan ne don maganar ba ta waya ba ce. Ka san kunnen Inna, ko raɗa na yi a zaure sai ta tambayi da wa nake.

Ka tuna gwajin maganin hawan jini da Baba ya shiga bara, wanda aka yi shelarsa bayan sallar Juma'a, cewa masu bincike sun sauka asibiti a Jega, mai so ya je? Baba da son sabon abu, shi ne a gaban layi. Suka yi masa bayani, suka ce ran da ya gaji yana iya fita, suka ba shi ƙwayoyi, suka ɗaura masa baƙin agogon nan mai jin bugun zuciya yana aika musu da kansa. In yana jikin mutum, wata 'yar koriyar fitila ke kamawa a bayansa, in an cire ta mutu. Inna ta tsani abin nan har ta raɗa masa suna Magulmaci, wai mutum ba zai ja numfashi ba sai an kai labari Jega.

Jiya Malama Amatullah, nas ɗin da ke kula da waɗanda suka shiga gwajin, ta kira ni tana tambayar abin da ya hana Baba, Malam Ɗantsoho, zuwa karɓar magani. Ashe cikin ruɗewar rasuwa ba wanda ya tuna ya sanar da su. Na gaya mata hatsarin babur ɗin da ya yi ajalinsa, har an yi sadakar bakwai. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta faɗi abin da ya sa tsigar jikina ta tashi: wai agogon bai daina aiko da bugun zuciya ba. Ko safiyar jiya ya aiko.

Yaya, da hannuna na karɓi agogon nan daga masu wanka, na sa shi a akwatin Baba tare da hularsa da carbinsa, jiran rabon gado. Na je na buɗe. Yana nan inda na ajiye shi, fitilar a mace. Amma da na taɓa shi, da ɗumi na ji shi.

Ban gaya wa Inna ba, takaba ma ta ishe ta. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Barakatu

Aliero, ranar Lahadi

Yaya Sharif,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya kasuwa, yaya ruwan kudu? Saƙonka ya iso, ka ce na'ura ce ta lalace, in daina tsorata kaina. Kai da ke nesa bakinka da sauƙi.

Malama Amatullah ta ce sun duba, ba lalacewa ba ce, agogon ba ya ƙirƙirar bugu, sai ya ji fata da jini. Ta kuma faɗa mini lokacin: kullum daga hantsi zuwa kusan azahar. Yaya, ai lokacin da Baba ke wajen rudu, rumbun ciyawar da yake ajiyar albasarsa, ke nan. Ni ce yanzu ke zuwa can ina tsaya wa masu tsince ruɓaɓɓu. Tun da na ji haka, in iska ta kaɗa ciyawar rudu sai in waiwaya, ina jiran in ji gyaran muryarsa. Na sani sarai wanda ya tafi ba ya dawowa, amma sanin bai hana ni waiwayen ba.

Ɗakinsa kuwa na daina shiga ni kaɗai. Shekaranjiya na ga ɗan faifan hasken rana da ake cajin agogon da shi a shanye kan katanga, daidai inda Baba ke ɗora shi. Ba ni na fitar ba. Gidan nan daga ni sai Inna, ita kuwa ko 'yan kunne ta cire saboda takaba, kuma ka san yadda take da Magulmaci.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar Malama Amatullah ta ƙarshe. Ta ce wannan zuciyar ba daidai take tafiya ba, tana gudu tana tsallake, wani lokaci ta yi kamar ta tsaya. Ta ce ko ta wane ne, a kawo mai ita asibiti da gaggawa. To wa zan kai?

Maigidana yana ta aike daga Maiyama in koma. Ba zan iya barin Inna ba. Ta rame, in tana shara sai ta tsaya ta dafa bango. Kuma har yau ban ga hawaye ko ɗaya a idonta ba.

Taka,
Barakatu

Jega, ranar Alhamis

Yayana,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Daga bakin gadon asibiti nake rubuto maka, amma kada gabanka ya faɗi, da sauƙi.

Ran Litinin na yi sallama kamar zan tafi rudu, na kai bakin titi na juyo. Gidan shiru, ƙofar Baba a sakaye. Na tsaya ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, sannan na tura. Inna ce zaune a kan buzunsa, ta haɗa kai da gwiwa, koren hasken nan yana fitowa ta ƙarƙashin hannun rigarta.

Ba ta ɓoye ba. Ta ce ranar da aka kai shi ta buɗe akwatin don ta shaƙi hularsa, ta ga abin a mace, zuciyarta ta kasa ɗauka. Da ta ɗora a hannunta sai ya kama, kamar yadda yake kamawa a hannunsa in ya miƙa mata kwano. Tun ranar, da na fita sai ta ɗaura, ta ji kamar gona kawai ya tafi.

Da na gaya mata abin da aka gani a Jega, ta ce ƙafarta ba za ta taka waje ba sai ta fita takaba, kada garin Aliero ya ce ta yi wa mijinta rowar zama. Sai da Liman ya zo da kansa ya ce lalura ta halatta. Ta yarda, amma da sharaɗin da agogon a hannunta za ta tafi.

Likita ya ce ciwon ya daɗe a jikinta tana dannewa, da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. An sa ta a magani. Sun ce in ta warware, in tana so, za a duba ko ta dace ta shiga gwajin da sunanta. Ka ga ikon Allah, gulmar da Magulmaci ya kai Jega ita ta tsamo ta.

Jiya Malama Amatullah ta durƙusa ta ce mata dole a rufe lambar Baba a gwajin, a mayar da agogon. Na miƙa hannu zan kwance, Inna ta ture ni. Da kanta ta cire, ta riƙe shi a tafin hannu tana kallo har fitilar ta mutu. Sai ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar hatsarin. Ni ma na kasa riƙe nawa.

Ka bar cinikin albasar nan ka taho, Yaya. Ta'aziyyar da ka yi mata wancan karon ba ta ji ba. A wurin Inna, jiya ne Baba ya rasu.

Ƙanwarka mai jiranka,
Barakatu