Yayata na so a sa min zoben rage ƙiba, amma na ga abin da take ɓoyewa

Assalamu alaikum Gwaggo Bara'atu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ki kuma sakaya sunana, domin garinmu in ka yi tari a bakin kasuwa sai an ji a tasha. Sunan da zan kira yayata da shi ma ba nata ba ne.

Ni matar aure ce a Birnin Gwari, shekarata talatin da tara, 'ya'yana huɗu, ɗinki nake yi a cikin gida. Tun haihuwata ta biyu jikina ya buɗe, bai sake komawa ba. Hawana sikeli na ƙarshe kilo ɗari da talatin da ɗaya na gani. Ina da hawan jini, bara kuma aka ce suga ya fara leƙowa. Sallah a zaune nake yi saboda gwiwa. Na sha shayin rage teɓa kala-kala, na sha jiƙon tsamiya da citta, na bar cin tuwo wata biyu cur, ba abin da ya ragu sai haƙurina.

Da can ban damu ba, a danginmu ƙiba ba abin kunya ba ce, cewa ake mutum ya samu hutu. Abin da ya sauya ni ya faru shekara uku da suka wuce. Muna dawowa daga ta'aziyya a Kutemeshi ni da maigidana, wajen la'asar, sai direba ya hango motocin gaba suna juyowa a guje, muka kuma ji harbi. Ya taka birki ya ce kowa ya yi ta kansa. Mutane suka faɗa gonar dawa suka yi daji. Ni fita daga motar ma sai da aka jawo ni. Ban yi taku hamsin ba numfashina ya ƙare, na zube tsakanin kunyoyin dawa. Maigidana siriri ne, ya riga ya yi nisa, da ya so da ya tsira abinsa. Sai ya dawo ya kwanta kusa da ni, ya ɗora hannu a bayana, muka yi ta salati a zuci har ƙarar babura ta ɗauke. Allah ya rufa mana asiri 'yan bindigar ba su shigo gonar ba, amma an tafi da mutum biyu daga motar da ke bayanmu. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba. Ni kuwa ba ranar da ba na tuna cewa da sun shigo, da yarana sun rasa uwa da uba rana ɗaya saboda jikina.

To, ina da wata yaya, 'yar baffana ce, zan kira ta Yaya Juwairiyya. Ta girme ni da shekara biyar, layi biyu ne tsakanin gidajenmu, kuma a da ta fi ni jiki. Shekara biyu da suka wuce ta ce za ta Kaduna ganin likitan mata. Ta yi sati uku ta dawo, sai ta fara zubewa. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ciwon zamani ne, wasu suka ce sammu aka yi mata. Ba ta tanka wa kowa ba. Mijinta kaɗai ya san gaskiya, sai ni da ta kira ɗakinta bayan ƙaramar Sallah, ta tura ƙofa, ta kama hannuna ta ɗora a gefen cikinta. Na ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin fata, kamar murfin kwalba. Ta ce tiyata aka yi mata a wani asibitin kuɗi, aka ɗaure saman tumbinta da zoben roba yadda loma kaɗan za ta ƙosar da ita. Abin da na taɓa kuma nan ake soka allura a ƙara ruwa zoben ya matse, ko a zuƙe ya saki. Ta ce ba a yanke komai, ranar da mutum ya gaji sai a cire. Ta ce kilo talatin ta zubar, ta koma yin sallah a tsaye. Wannan kam ba ƙarya, na ga tana ruku'u da idona, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji kishi.

Tun ranar ba ta bar ni na huta ba. In ta zo kawo ɗinki maganar ke nan, in mun haɗu a biki ta matso ta raɗa min. Kwana uku da wancan zama wata mata ta kira ni daga asibitin, murya kamar zuma, ta san sunana, ta san nauyina, har sugana ta sani. Ni ban ba kowa lambata ba. Sau huɗu tana kira. Da na tambaye ta ko abin yana da matsala, sai ta ce ƙananan abubuwa ne, in dai zo kawai. Na tuhumi Yaya, ta ce ita ta ba su, wai don ta taimake ni. Daga nan zuciyata ta fara raya min ko la'ada ake ba ta a kan duk wadda ta kai.

Sai na fara sa mata ido, Allah ya yafe min. A sunan ƙanwar mijinta muna kwano ɗaya, na ƙirga, loma uku ta yi na tuwon shinkafa da tsoka ɗaya. Sai na ga ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta miƙe wai za ta amsa waya. Na bi ta. Na same ta a bayan ɗaki ta duƙa tana dawo da abin da ta ci, ba yunƙuri irin na mai zazzaɓi, kamar abin da ta saba. Da ta ɗago ta gan ni sai ta ce, "Kada ki gaya wa kowa. Laifina ne, ban tauna ba." Ta kurkure baki ta koma cikin mata tana dariya.

Daga baya na lura ba ta rabuwa da fulas a jaka, kuma fura ce a ciki da nono da sukari, ko kunun gyaɗa. Wannan yana wucewa lafiya, nama da burodi ne ke maƙalewa. A gadonta matashi uku ta jera, ta ce in ta miƙe sosai ruwa mai tsami ke taso mata har ya sa ta tari. Sannan Gwaggo, ni tela ce. Rigunan da na rage mata bara, watan jiya ta dawo min da biyu in buɗe, wai atamfar ce ta tsuke a wanki. Na sa tef na auna ta. Atamfa ba ta tsuke ba. Na tambaye ta yaushe rabonta da asibitin, ta ce wata bakwai, wai saboda hanya. Alhali hanya ta yi sauƙi yanzu, mutane na zuwa Kaduna su dawo. Kuma duk da haka, a ranar ma sai da ta sake ce min in daure in yi.

Me ya sa mutum zai tura ƙanwarsa inda shi yake shan wuya? Ko kuɗi ne, ko so take mu zama biyu, kada ta zama ita kaɗai ta yi kuskure?

Na kai maganar ga maigidana ina tsammanin zai hana. Mutumin da ko haƙori zan cire sai ya tambayi mutum uku ya yi istihara. Sai kawai ya ce, "In hankalinki ya kwanta da shi, ni zan kai ki." Shi ke nan. Wannan saurin yarda ya fi komai tsaya min a rai. Ko ya gaji da ni ne bai faɗa ba? Ko abin da ya faru a gonar nan yana cin sa? Ko mijin Yaya ya riga ya gama da shi a masallaci? Yanzu ko abinci ya rage a kwano sai in ce da manufa. Na zama mai zargin kowa, kuma ba halina ba ne.

Ina son in rage jikin nan, wallahi ina so. Amma ina tsoron in shiga abin da ba a gaya min gaskiyarsa ba. In yi ko in bari? Kuma yaya zan yi da Yaya?

Taki,
Tela mai wasiwasi, Birnin Gwari

*

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma da yake ni ba likita ba ce, na kai ta ga wata likitar tiyata da na sani, muka zauna a kanta.

Abu na farko ba naki ba ne, na yayarki ne. Amai bayan cin abinci, ruwa mai tsami in an kwanta, tari, komawa ga fura da kunu saboda mai tauri ba ya wucewa, likitar ta ce alamu ne na zoben ya matse da yawa, ko ma ya goce daga inda aka sa shi. Ba rashin tauna kaɗai ba ne. Sau da yawa zuƙe ɗan ruwa ke warware matsalar, amma sai an duba. Wata bakwai ya yi yawa. In kuwa ta kai ko ruwa ba ya wucewa, ko ciwon ciki mai tsanani ya taso, wannan ba a kwana da shi.

Zancen la'ada, ba zan rantse miki babu ba, ana yi. Ba da lambarki da sirrin lafiyarki ba da izininki ba kuma kuskure ne, ki gaya mata a fili. Amma ki duba wani gefen. Mace ce da ta shekara biyu gari na jifanta da ciwon da ba ta da shi, ta yi shiru. Yanzu jikin yana dawowa, tana jin kunyar likita, tana jin kunyar mijin da ya kai ta. Mai irin wannan hali yakan yi ta yabon abin don ya lallashi kansa, yakan kuma so abokin tafiya. Wannan ba mugunta ba ce, amma ba dalili ba ne da zai sa a yi miki tiyata.

Shi zoben ba yaudara ba ne. Akwai waɗanda ya yi wa amfani shekaru, sugansu da hawan jininsu suka sauka, kuma da nauyinki da ciwukanki, tunanin tiyata ba wauta ba ce. Sai dai ba a sa shi a manta. Yana son komawa asibiti a kai a kai, musamman shekarar farko, da ƙananan loma, da tauna mai yawa har ƙarshen rayuwa. Ba ya tare fura, ba ya tare lemo. Da yawa daga masu shi sukan koma a gyara ko a cire, kuma cirewar ma tiyata ce, ba kamar zare awarwaro ba. Shi ya sa likitoci da dama yanzu suka fi karkata ga wasu nau'o'in aikin, su ma kowanne da nasa haɗarin. Ke kuma kina da tambayar da macen da ke zaune a Kaduna ba ta da ita: ranar da ya matse miki kuma hanya ta ƙi, wa zai sassauta shi a kusa da ke? In babu amsa, to wannan kaɗai ya isa ki dakata.

Asibitin da ya kira ki sau huɗu ya kuma ce matsalolin ƙanana ne, zarginki a nan yana kan hanya. Ki nemi likita a babban asibitin gwamnati, Zariya ko Kaduna, wanda ba shi da abin sayar miki. A fara daidaita suga da jini, a haɗa ki da masu tsara abinci, su duba ko kin dace da tiyata da kuma wacce. Ki tambayi duk mai son yi miki aiki mutum nawa ya yi wa, nawa aka cire wa.

Maigidanki kuwa, kin ɗora wa jimla ɗaya kaya fiye da ƙarfinta. Wataƙila yana ganin yadda kike tashi daga kan sallaya da ƙyar, yana tsoron ya hana ki abin da zai taimake ki. Shekara uku kuna zagaye maganar ranar nan, ki buɗe ta ke. Kuma ki ji ni da kyau: alhakin ranar yana wuyan waɗanda suka riƙe bindiga. Kada ki kwanta a gadon tiyata don yin kaffarar laifin da ba naki ba. In za ki yi, ki yi don lafiyarki.

Yanzu ki je wurin yayarki, ba da tuhuma ba. Ki ce mata kin ga wuyar da take sha, kuma ke za ki raka ta asibiti a makon nan. In kun shiga, ki zauna ki saurari abin da za a tambaye ta da abin da za ta amsa. Rabin abin da kike son sani game da zoben a ɗakin nan za ki ji shi, ba tare da an taɓa cikinki ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ke ma, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ya kuma dawwamar da zaman lafiya a ƙasar Birnin Gwari.

Gwaggo Bara'atu