Na Ce Akwatin Munzali Fanko Ne

Malam Ɗanmalam, don Allah ka taimake ni da shawara. Mako biyu ke nan ina zagaye hanyar Unguwar Gai saboda kunya.

Ni mai gyaran rediyo ne a Rano, shekara goma sha tara ina ƙona yatsu da dalma. Malam Lado na Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya, wanda a gabansa na yi karatun allo, ɗansa Munzali ya aiko masa da kayan sauti daga Fatakwal: amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, sifiku biyu, na'urar faifan sidi, da wani ƙaramin akwati mai mamurɗi biyu. Malam dai so yake ya riƙa jin karatun Alƙur'ani a zaure tare da maƙwabta bayan la'asar. Aka haɗa, murya ta fito ƙasa-ƙasa, aka aiko a kira ni.

Na je na tarar da zaure cike da dattawa. Na duba ƙaramin akwatin, ba wayar wuta, ba wurin batir. Na kwance shi, sai 'yan wayoyi da mamurɗan nan kawai. Maimakon in ce ban san shi ba, sai na ɗaga shi sama kowa ya gani, na ce fanko ne, jabun kaya ne. Har na ƙara da cewa yaran yanzu sun raina iyayensu. Wallahi ban san abin da ya kai bakina can ba.

Tun ranar Malam bai ƙara ɗaukar wayar Munzali ba. Shi mutum ne da bai damu da tsadar kyauta ba, ha'inci ne ba ya yafewa da wuri.

Na tura hoton akwatin ga wani abokin sana'ata a Kano don mu yi dariya, sai dariyar ta koma kaina. Ya ce firi'am ne marar wuta, haka ake ƙera shi. Sai na tuna na'urar sidin ma tana cikin kwalinta. Tsohuwar rediyon kaset ta Malam aka jona daga ɗakinsa, da waya mai tsawon yadi goma, ni kuwa ko kallonta ban yi ba.

Shin abin da abokina ya faɗa da gaske ne? In gaskiya ne, yaya zan yi? Rabin masu kawo mini gyara daga Kibiya mutanen zauren nan ne. Na yi tunanin in je in gyara haɗin shiru, in ce na yi wa akwatin dabara.

Mai Dalma, Rano

Mai Dalma, abokinka ya faɗa maka gaskiya. Firi'am marar wuta aiki biyu yake yi. Mamurɗi ɗaya yana zaɓar na'urar da za a saurara, ɗayan yana rage ƙarfin sautin kafin ya isa amfilifaya. Ba ya ƙara komai, shi ya sa ba ya buƙatar wuta. Ka ɗauke shi kamar ƙofar ruwa a kwatar noman rani: tana buɗewa tana rufewa, amma ba ita ke turo ruwan ba. Masu son sa suna son sa ne don ba ya cusa gurnani ko tsaki a cikin murya.

Sharaɗinsa biyu ne. Na'urar da ke ba shi sauti ta zama mai ƙarfi, irin sidin da ke kwali, kuma wayoyi su zama gajeru, domin doguwar waya tana dusashe murya. Tsohuwar kaset da yadi goma sun saɓa duka biyun.

Ba kai kaɗai ke da laifi ba. Ya kamata Munzali ya haɗo da bayani, kuma ba kullum irin wannan akwati ke shigowa shagon gyara a Rano ba. Rashin sani ba abin kunya ba ne. Inda ka zame shi ne ka tashi daga kan akwati ka koma kan tarbiyyar ɗan mutane.

Dabarar gyara shiru kuwa, ajiye ta. Za ta fitar da kai, ta bar Munzali a matsayin wanda ya aiko jabu har sai da gwani ya ceto. Ka fara kiran Munzali ka ba shi haƙuri. Sannan ka ɗauki gajerun wayoyi, ka je bayan la'asar lokacin da zauren ya cika kamar rannan, ka fito da sidin, ka haɗa a gabansu ba tare da ka taɓa cikin akwatin ba. In karatu ya tashi, ka faɗa da bakinka cewa kai ne ba ka sani ba.

Wataƙila mutum biyu su kai rediyonsu wani shagon. Za ka jure wannan. Kada ka tashi daga tabarmar nan sai ka miƙa wa Malam wayarka, Munzali yana kan layi. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya daidaita uba da ɗansa.

Ɗanmalam