Ka Cire Madubin Babur

Ƙanena Sufyan,

Assalamu alaikum. Ya Inna da ƙafarta, ya mutanen Zongo? Ina lafiya a Marseille, sanyi ne kawai, shi ma na kusa sabawa.

"Yaya, muddin Afra'u na bayana, ba zan ratsa tsakanin motoci ba." Kai ka faɗa a filin jirgi.

Jiya maƙwabciyarku Raudatu ta turo min bidiyonka ɗauke da 'yata Afra'u a babur a hanyar Agoè, tsakanin tireloli biyu. Sau tara na kalla. Subhanallahi! Tsakanin gwiwarta da taya bai kai taƙi ba, kuka fita lafiya. Ban san hannun mutum na iya wannan ba, ban san Allah na tsare bawa har haka ba. Sai daga baya na lura ka cire madubai don ka samu shigewa, gwani!

Kafin Juma'a ka mayar da su, ka turo hoto, ka koma layi kamar kowa. In ba haka ba, zan sa Liman Siddiƙ ya karɓi makullinka a gaban jama'a, Afra'u ta tafi makaranta a ƙasa.

Allah ya tsare min ku.

Yayarka,
Haulatu