Tsutsar da Ake Ci da Ranta

Daren Laraba, Hayin Banki

Har yanzu tsigar jikina tashi take yi. Da la'asar na zaga bayan gida duba 'yar masarata, sai ga wata tsutsa a kan ganye, bayanta cike da fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, tana ɗan motsi. Tir! Na cire takalmi zan murƙushe ta, Hadiza ƙanwata ta riƙe min hannu.

"Yaya, kar ki kashe! 'Ya'yan wani ƙaramin zanzaro ne. Uwar a cikin tsutsar take zuba ƙwai, su ƙyanƙyashe su cinye ta da ranta."

Wai irin abin da ake koya musu ke nan a makarantar noma.

Ta nuna min filin maƙwabcinmu Malam Sani, da ya yi feshi kwanaki. Maganin ya kashe har da zanzaron, tsutsa kuwa ta dawo ta yi wa masararsa kaca-kaca. Namu da ba a fesa ba shi ne mafakarsu, daga nan suke bin tsutsa fili-fili, shi ya sa ba ta fi ƙarfinmu ba.

Abincin dare ko taɓawa ban yi ba. Bayan isha'i Baban Amira ya ce gobe zai kira mai feshi. Na buɗe baki in ce to, sai na ji ina cewa, "A'a, maigida, a bar su."

Allah ya sani ba na ƙaunar ganinsu. Su yi ta aikinsu, amma daga gobe Hadiza ce mai shiga masarar nan.